Gari a Bakin Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

Haruffa 4 ne kacal: g, a, r, i. Bahaushe ya ji su ya tuna da Jega ko da abin tuƙa tuwo. Mutumin Mombasa ya ji su ya waiga neman mota, na Riyo ya tuna da mai sharar titi, na Tokiyo kuwa citta ce za ta faɗo masa a rai. Da wuya a ta da wannan zance a majalisa ko a ajin Hausa a rabu lafiya: wani ya ce ai daga wurinmu duk suka ara, wani ya ce mu ne muka aro daga Larabci. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da za a iya tsayawa a kai.

Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, kalma ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce, rubutun boko ne ya haɗa su. Faɗi su da baki ka saurari kanka. A garin zama, "ga" ɗin gajere ne, kana taɓa shi ka wuce. A garin tuwo kuwa jan sa ake yi: gaari. Karin sautinsu iri ɗaya ne, murya ta faro daga ƙasa ta haura sama, don haka tsawon wasalin nan shi kaɗai ya raba Birnin Kebbi da abin da ke cikin ƙwarya.

Ɗan gari ba ya ma sanin yana yin wannan bambanci, baƙo ne ke tuntuɓe da shi. Tsaya a layin masu awo na babbar kasuwar Birnin Kebbi ka ji ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, wanda ya koyi 'yar Hausarsa daga takarda. Ya rusuna gaban wata dattijuwa ya ce, "Mama, ina son sayen gari," ya datse wasalin. Ita kuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To ɗana, sai ka tai hwada ka ga Sarki, mu nan na masara muka saisuwa." Maƙwabtanta su kwashe da dariya, ta cika masa tiya har da gyara.

Ajami bai san wannan matsala ba. Malaman Gwandu da suka rubuta waƙoƙin wa'azi tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo suna da hanyar nuna jan wasali: in garin tuwo ake nufi, sai a sa alifi bayan harafin farko, in na zama ne a bar shi ba alifi. Da Turawa suka tsara boko sai suka ga mai harshe ba ya buƙatar wannan alama, suka bar ta. Sai a ƙamus, kamar na Bargery da ya fito a 1934, za ka ga an nuna dogon wasali da gajere da karin sauti.

"Gari ya waye" fa? Da "garin neman gira aka rasa ido"?

Wanda ya waye ɗin ana faɗarsa daidai da garin zama, sai dai ba gidaje da lunguna ake nufi ba. Sararin sama ne da yanayi: gari ya waye, gari ya yi sanyi, gari ya lumshe, gari ya yi zafi. Shi ya sa in makiyayi a tsakiyar fadama ya ce gari ya haɗe, ba wanda zai tambaye shi wane gari alhali ba ko bukka a kusa. Daga nan ma'anar ta miƙe zuwa halin rayuwa, "ya garin?" ko "gari ya yi tsauri", wato ba kuɗi a hannun mutane.

Shi kuwa "garin" na karin magana aikin nahawu yake yi, yana nufin "a wajen" ko "cikin yin". Akwai kuma "gari" na mutum nagari da mace tagari. Kafin mu ƙetare Kamba, garin kan iyaka a jihar Kebbi, ma ke nan, Hausa ita kaɗai ta tara ma'anoni kusan 5 a ƙarƙashin rubutu guda.

Malaminmu ya ce gari daga Larabci yake. Gaskiya ne?

Wannan ta fi zuwa daga almajiran ilimi, kuma ba tambayar banza ba ce. Da Larabci ƙauye ko gari "ƙarya" ne (ka ga tun nan an sake yin wani karon, don da Hausa ƙarya ita ce abin da ake dukan yaro a kai). Larabawan Sudan da na Hijaz da Shuwa na Barno suna mayar da harafin ƙaf ya koma g, su ce "garya". Kuma lallai akwai kalmomin da suka shigo mana da wannan lafazi: gahawa daga ƙahwa, bindiga daga bunduƙiyya. To me zai hana garya ta zama gari?

Abin da ya hana, na farko, mun riga mun aro kalmar, kuma tana nan da ranta: alƙarya. Ta shigo sahu ɗaya da alƙali, alƙalami, alƙibla da alƙiyama, da "al" ɗinta da ƙaf ɗinta. Na biyu, bakin Bahaushe bai taɓa jin nauyin kalma mai ƙarewa da "ya" ba. Muna da hanya, rijiya, tsamiya, ƙwarya. Da garya muka aro, da garya za mu ce, kuma da mace za ta kasance kamar yadda alƙarya take, don "alƙarya ce" ake cewa amma "gari ne". Na uku, ƙarya ta Larabci ba ta wayewa, ba ta lumshewa. Kalmar da ta yi rassa haka cikin harshe, ta shiga gaisuwa da karin magana da sarauta, da wuya a ce baƙuwa ce. A ganina wannan magana ba ta da ƙafa.

Af, in ka je Alƙahira za ka ji "gari" da kunnenka, amma "maƙwabcina" suke nufi, domin Misirawa jim suke mayarwa g. Ka gangara Hartum ka sake jin ta, can kuma mai karatu ake nufi, wanda mu muke ce wa ƙari'i. Harshe ɗaya, lafazi ɗaya, tushe biyu.

Garin kwaki: Yarabawa suka ba mu sunan ko mu muka ba su?

Nan kam akwai hanya ta gaske da za a iya bi. Rogo ba ɗan Afirka ba ne. Daga Kudancin Amurka yake, Turawan Fotugal suka ƙetaro da shi a ƙarni na 16. A yankinmu bai samu karɓuwa sosai ba sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi suka dawo daga Birazil suka zauna a Ikko da Wida ta ƙasar Binin da maƙwabtansu, suka zo da dabarar sarrafa shi. Dabarar kuwa dole ce, domin ɗanyen rogo mai ɗaci yana da guba. A fere shi, a wanke, a gurza, a ɗura a buhu a danne da duwatsu ko a matse da jak, a bar shi 'yan kwanaki ruwan ya tsiyaye ya yi tsami, a tankaɗe, sannan a soya a faffaɗan kasko ana juyawa ba hutu har ya bushe ƙarau. In an ɗiga manja ya fito rawaya, in an bar shi ya daɗe a buhu ya fito da tsamin nan da aka san na Ijebu da shi. Yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo.

Sunan kuwa, masana da yawa suna ganin daga Hausa ya fita. Dalilin a bayyane yake: a Hausa kalmar ta game duk abin da aka daka ko aka niƙa, garin dawa, garin kuka, garin lalle, garin magani, har madarar gari. A Yarabanci da harsunan Gana da Togo da Binin kuwa abu ɗaya tak take nufi, na rogo. Haka kalmar aro ta saba yi, ta baro gida da faɗi ta isa baƙunta a ƙuntace. Fatake kuma sun daɗe suna bin hanyar Yawuri da Borgu zuwa Gwanja neman goro, wasu su gangara Ilori da Ikko, don haka ba a rasa wanda ya kai ta ba.

Abin dariyar shi ne ta dawo mana da sabuwar ma'anar. Ɗalibin kwana a Zuru ko Aleru in ya ce garinsa ya ƙare, ba na tuwo yake nufi ba, na jiƙawa da sukari da ƙuli yake nufi. Mu kuma muka karɓi teba da alabo daga Yarabanci, kamar yadda muka karɓi ashana da akwati da keke.

Na ji ana cewa "gari" a finafinan Indiya. Me suke nufi?

Mota, ko keken shanu, ko jirgin ƙasa, duk abin hawa mai ƙafar gare. Kunnenka bai yaudare ka ba, domin lafazin ya yi kusa da garin tuwo ƙwarai: dogon "a", sannan irin r ɗin nan da ake naɗe harshe a kaɗa shi, wanda muke yi a rana da ruwa. Hausa r biyu gare ta ko da yake boko ɗaya yake rubutawa. Gwada bara mai yi wa sarki hidima da bara ta almajiri ka ji. Harshen Hindi ma yana da biyun, kuma a wannan kalma irin tamu ta farko yake amfani da ita. Kama ta kai kama, amma ba abin da ya haɗa niƙaƙƙiyar dawa da keken shanu.

Ita wannan kalma ta Indiya ta yi tafiya mai nisa, kuma sawunta a fili yake. Shekaru aru-aru jiragen ruwa na bin iskar damina tsakanin Gujarat ta Indiya da gaɓar Afirka ta Gabas. Daga baya Ingilishi suka kwaso ma'aikata wajen 32,000 daga Indiya don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya, tsakanin 1896 da 1901. Yau da Sawahili mota "gari" ce, jirgin ƙasa kuma "gari la moshi", wato keken hayaƙi. A Habasha "gari" keken doki ne da ake haya a ƙananan garuruwa. Somaliyawa ma haka suke kiran mota. Waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne: ma'ana ɗaya, hanya sananniya, ga kuma abokan tafiya, don Sawahili ta karɓi "pesa" na kuɗi da "chapati" daga can.

Da gaske a Birazil mai shara ake ce wa gari?

Da gaske, kuma wannan ba daga wani tsohon harshe ya fito ba, sunan mutum ne. A 1876 gwamnatin sarkin Birazil ta ba wani Bafaranshe mai suna Aleixo Gary kwangilar tsabtace titunan Riyo. Mutane suka riƙa kiran ma'aikatansa yaran Gary, a hankali aka yar da "yaran" aka bar sunan. Kwangila ta ƙare, mai ita ya mutu, suna ya zauna. Har gobe masu sharar Riyo da kayansu ruwan lemo "gari" ake ce musu, kuma ranar 16 ga Mayu ta kowace shekara ranarsu ce a ƙasar.

Dubi yadda abin ya zo: daga ƙasar nan rogo ya fito, daga can dabarar soya shi ta zo, amma in ka shiga kanti a Riyo ka nemi gari za a nuna maka mai tsintsiya. Nasu garin rogon "farinya" suke ce masa. Mu ma muna da irin wannan, duk garin sabulu omo ne a bakinmu, duk ɗanɗanon miya magi.

Na Japan fa?

Citta ce ɗanya da ake yankawa fale-fale a jiƙa a ruwan tsami da sukari, a ci tsakanin loma da loma ta shinkafa da ɗanyen kifi don wanke baki. Sunan daga ƙarar taunawa ya fito, "gari-gari", kamar yadda mu muke cewa garas-garas. Haƙori da kunne iri ɗaya ne ko'ina, don haka kalmomin kwaikwayon ƙara sukan yi kama ba tare da wani ya ari na wani ba.

An ce akwai inda gari ke nufin alkama, wani wurin sha'ir. Wannan ai ya wuce dace, ko?

Wannan ita ce mai wuyar, kuma ita ta fi ruɗin mutane masu hankali. Da harshen Bask, wanda ake yi a tsaunukan da ke tsakanin Sifaniya da Faransa, "gari" alkama ce. Da harshen Armeniya "gari" sha'ir ne. Da Hausa niƙaƙƙen hatsi. Lafazi ya yi daidai, ma'ana ta kusanto. Wa zai ƙi cewa akwai wata a ƙasa?

Sai dai lura da abin da muka yi yanzu-yanzu ba mu sani ba: mun buɗe ƙofar ma'ana. Mun yarda alkama da sha'ir da gari duk abu ɗaya ne. Da mun samu inda kalmar ke nufin tuwo, ko turmi, ko dutsen niƙa, ko gona, ko yunwa ma, da mun karɓa mun ce ai duk hatsi ne. Gwargwadon yadda ka faɗaɗa ƙofar, gwargwadon yawan masu shigowa. Sannan garin Hausa ba hatsi yake nufi ba tun asali, laushin abu yake nufi, shi ya sa ake da garin toka da garin gawayi. Harshen Bask kuwa masana sun shafe fiye da shekara 100 suna nema masa dangi, an gwada shi da harsunan Kaukasus, an gwada da na Buzaye da danginsu, ba a samu abin kamawa ba. Kowane gwaji da jerin kalmomi masu kama irin wannan ya fara. Kalma ɗaya ba ta kafa zumunta.

To me ya sa irin wannan karo ya yi yawa haka?

Lissafi ne. Ɗauki harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5. Baƙi ɗaya da wasali ɗaya su ba ka gaɓa 100. Haɗa gaɓa biyu ka samu siffa 10,000, ba ƙari. Kowane harshe kuwa yana da dubban kalmomi da yake son zubawa cikin waɗannan gurabe, kuma harsunan duniya sun kai wajen 7,000. Sautukan g da r da a da i suna cikin waɗanda harsuna da yawa suke da su. Abin mamaki da a ce an nemi "gari" a wasu harsuna an rasa.

Gwada da kowace gajeriyar kalma. Duka da Sawahili kanti ne, kuku kaza ce. Kasa da Sifaniyanci gida ne, da Japananci laima, da Turkanci akwatin kuɗi, da harshen Asante magana, mu kuma ga macijiya mai barci, ga gazawa, ga kasa tumatur a bakin hanya. Da harshen Finlan "kasa" tsibi ne, tuli, kusan daidai da kasa kayan miya, alhali ba Bahaushen da ya taɓa kai musu talla.

Akwai ma inda lafazi da ma'ana suka zo daidai cif. "Bad" da Farisanci mummuna ne, haka da Ingilishi, kuma an bi tarihin kowace an ga ba su haɗa tushe ba. A shekarun 1960 wani masani mai suna Dixon yana rubuta harshen Mbabaram na Ostireliya, ya tambayi sunan kare aka ce masa "dog", daidai da na Ingilishi. Ba aro ba ne. Maƙwabtansu "gudaga" suke cewa, su kuma harshensu ya saba yar da gaɓar farko da wasalin ƙarshe, aka wayi gari kalmar ta zaizaye ta koma haka.

In kama ba hujja ba ce, da me masana ke gane dangantaka?

Da tsari mai maimaituwa, kuma abin ban sha'awa, 'yan uwan gaske sau da yawa ba sa kama. Hausa tana cikin rukunin da masana ke kira harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci, Ibrananci, Amharik, harshen Buzaye, Somali da harshen Misira ta dā. Joseph Greenberg ne ya tabbatar da zaman harsunan Cadi cikin wannan gida a shekarun 1950. Hujjojin ba a kasuwa ake samunsu ba, a ƙashin harshe suke: "ta" ta mace da ke cikin ta zo da kuma Larabcin taktubu, "ka" da "ki" na gidanka da gidanki da suka yi daidai da baituka da baituki, "ma" na ma'aikaci da masallaci da mabuɗi wanda yake aiki irin na maktab da miftah. Sai kalmomin da ba a cika aro ba: mutu da mata na Larabci, suna da ism, ƙashi da huɗu da suke da takwarori a rubutun Fir'aunonin Misira.

A nan mutanen Kabi da Zamfara suna da abin tinƙaho. Kano ta ce harshe, mu mu ce halshe. Cire "ha" na farko ka ga abin da ya rage: l da sh, su ne l da s na lisan, wato harshe da Larabci. Kano ta ce me, mu mu ce mi, ga Larabci da ma. Abin da ake yi mana dariya a kai a makaranta, sau da yawa shi ne tsohon zance.

Aro ma yana ɓad da kama. Wa zai ji allura ya tuna da al'ibra, ko laifi ya tuna da al'aib? Kasuwa daga suƙ take, ta biyo ta Barebari da suke cewa kasugu. Albasar da ake lodawa a Aleru sunanta daga albasal ne, Yarabawa suka karɓa daga gare mu suka ce alubosa. Titi daga Ingilishi yake, ya biyo ta Ikko. A kowace daga cikinsu ana iya nuna wanda ya kawo, da hanyar da ya biyo, da sauran kalmomin da suka sha irin wannan canji.

An ce da harshen Oromo "gaarii" na nufin mai kyau. Tunda danginmu ne, ba nagari ba ke nan?

Haka ne, Oromo na Habasha suna cewa "gaarii" ga abu mai kyau, kuma Somaliyawa suna kiran macen kirki mai iya riƙon gida "gaari", kai ka ce mace tagari. Duka biyu suna cikin gidan nan da muka ambata, don haka tambayar ta fi ta Bask ƙarfi. Amma zama dangi bai sa kowace kama ta zama gado ba. Rabuwar Hausa da waɗannan harsuna ta kai dubban shekaru, fiye da rabuwar Hindi da Ingilishi, kuma kalmar da ta yi irin wannan daɗewa ba a sa ran ta fito sumul a ɓangarorin biyu, kamar yadda halshe da lisan suka nuna. Wanda yake son kafa wannan magana sai ya fara da nemo kalmar a harsunan Cadi na kusa da mu, irin su Bolanci da Angas da Bade, ya ga yadda tsohuwar siffarta take, sannan ya ƙetara. Tsallakawa daga Argungu kai tsaye zuwa Adis Ababa ba bincike ba ne.

Nagari ma akwai ta a wani wuri?

Akwai. A yammacin tsibirin Sumatra na Indunusiya, mutanen Minangkabau suna kiran gundumarsu ta gargajiya "nagari". Daga Sanskirit ta zo, tsohon harshen Indiya, inda "nagara" ke nufin birni. Ita ce a ƙarshen sunan Sirinagar, ita ce cikin Debanagari, sunan rubutun Hindi, ita ce kuma "negara" da Malesiya da Indunusiya suke kiran ƙasa. Mai neman alaƙa zai ce ga gari nan a ciki, kuma birni take nufi. Sai dai "na" ɗin jikin kalmar ne a can, ba a cire shi. Namu kuwa ana cirewa a sa "ta", nagari ya koma tagari.

A nan kusa da mu fa, ba sai an je Japan ba?

Je kara ranar kasuwar Jega ka kasa kunne. Bafulatani zai ce "ngaari", bijimi yake nufi, jam'insa "ga'i". Wanda kunnensa bai saba ba zai yar da "n" ɗin ya ji gari. A Fulatancin Adamawa kuma "gaari" kunu ne. Bayarabe mai shago a cikin gari yana da biyu shi ma, na rogo da kuma sirdin doki, karin sauti ne ya raba masa su. Kebbi jiha ce da Hausa ke gogayya da Fulatanci, Zabarmanci, Dandanci, Dakarci, Kambarci da Dukanci kullum, ga Faransanci a ƙetaren Kamba. A irin wannan wuri aro na gaske ya fi yiwuwa nesa ba kusa ba, don akwai auratayya da ciniki da maƙwabtaka. Duk da haka bijimin Fulani bai zama garin masara ba.

Ashe ba daga Annabi Adamu duk harsuna suka fito ba? Me zai hana waɗannan su zama ragowar harshen farko?

Binciken harshe bai yi jayayya da asalin ɗan Adam ba, iyakarsa kawai ya sani. Harshe yana canzawa da sauri. Waƙar da aka rubuta a Gwandu shekara 200 da suka wuce ma sai an yi wa ɗan yau sharhi. Bayan dubban shekaru masu yawa sautuka sukan zaizaye har ba a iya bin sawu. Ga shi kuma da yawa daga cikin "gari" ɗin nan mun san ranar haihuwarsu: na Birazil bai wuce 1876 ba, na Sawahili jirgin ruwa ya kawo shi. Alƙur'ani ma a Suratur Rum, aya ta 22, saɓanin harsuna ya lissafa cikin ayoyin Allah, tare da saɓanin launuka.

Yaya zan rubuta don kada a ruɗe, musamman da yake manhajojin fassara suna kwafsawa?

Ga Bahaushe, rubuta yadda ƙa'ida ta ce, g-a-r-i, jimlar za ta raba gardama. Ba a tankaɗe Bunza, ba a naɗa hakimin garin dawa. Kada ka riƙa ninka wasali a wasiƙa ko sanarwa, ba ƙa'idar boko ba ce, kuma in ka fara a nan sai ka yi a fari da fari, da baƙi da baƙi, da sauran ɗaruruwa.

Inda ake samun cikas shi ne gajeren rubutu marar mahalli: kan labari, allon shago, jerin kaya, saƙon waya. "Gari ya yi tsada" na iya zama kukan mai tuwo, na iya zama kukan mai haya. A nan ƙara kalma ɗaya, ka ce garin masara, ko garin kwaki, ko zaman gari. Manhaja kuwa ba ta jin wasali, rubutu kawai take gani, don haka in za ka ba ta sunan wuri irin Garin Malam ko Sabon Gari, sa babban baƙi, in kuma abinci ne ba ta cikakkiyar jimla mai aiki a ciki kamar niƙa ko tankaɗe ko dama. Malamin da ke koya wa baƙi Hausa shi ne kaɗai ya kamata ya rubuta gari da gaari a allo, ya sa su maimaita da baki har kunnensu ya kama, sannan ya goge ya mayar da su kan rubutun da za su tarar a jarida.